Yadda Za Ki Tsayar da Yoyon Motar Maigida Ba Tare da Saninsa Ba

'Yar'uwa, idan mijinki na da tsohuwar motar tsere mai ƙofa biyu wadda ta girmi aurenku, tana kuma ɗigar da baƙin mai a tsakar gida daidai inda 'yarki ta fara rarrafe, matso kusa. Ki bi matakan nan, na yi miki alkawari yoyo zai tsaya, mutuncin maigida kuma ko ƙwarzane ba zai yi ba. Ni na gwada.

1. Ki gano mai laifi

Ba motar ba ce. A ƙarƙashin inji akwai kwanon da mai ke taruwa, tsakaninsa da inji kuma akwai siririyar roba, ita ce gasket. Nawa mijin sau uku yana canza ta, sau uku tana yoyo. Sai na kira Baba, wanda ya shekara talatin yana kanikanci.

"Yaya yake ɗaure notin?"

"Har sai jijiyar wuyansa ta tashi, Baba."

"To shi ke nan. Murƙushe robar yake yi. Ki ce masa ya sassauta."

Kada ki ce masa. Ni na faɗa, ya ce, "Gimbiya, mota fa ba tukunya ba ce." Washegari na tsinci 'Yar Lele zaune cikin mai tana shirin kai hannu baki.

2. Ki zaɓi rana

Ki bari ya tafi aiki a motar haya. Kin san motar tsere ba a cika hawanta ba, wanke ta ake yi. Ki kai yarinya wajen maƙwabciya. Ba a wannan aikin da goyo. Kada ki kuskura ki shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ki sa ƙarfen tallafi, ki tokare tayoyi. Nan kam ba wasa nake ba, uwa ɗaya yarinyar nan take da ita.

3. Ki tsiyaye mai

Ki sa tsohuwar rigarsa, tabon mai a rigar namiji ba ya neman bayani. Ki kwance notin ƙasa, ki tara tsohon daro. Ban da bahon wankan jariri, komai kusancinsa da hannu.

4. Ki kwance, ki kankare

Notocin kwanon ki zuba su a gwangwanin madara mai murfi, ki tabbatar sun cika, domin duk wanda ya ɓace mai rarrafe ce za ta gano shi. Sannan ki kankare tsohon gasket tas, kamar ƙanzo a gindin tukunya, ki goge har wurin ya bushe. Sabon gasket na cikin but ɗin motar. Ya sayi biyar, bawan Allah.

5. Ki ɗaure da hankali

Ki sa sabon gasket, ki mayar da kwanon. Noti ɗaya nan, ɗaya can ɗaya ɓangaren, ki zagaya sau biyu. Irin ɗaurin zanen goyo: ya kama, kada ya shaƙe. Ki mayar da notin ƙasa, ki zuba sabon mai, ki tayar da inji, ki leƙa. Idan ba ɗigo, ki wanke siminti da omo, ki wanke farce da kyau.

6. Ki bar masa nasara

Da yamma zai tsuguna ya shafa ƙasa.

"Gimbiya, zo ki gani! Ban ce miki gasket sai ya kwana biyu yake zama ba?"

"Sannu da ƙoƙari, Injiniya."

Ga wurin haɗari: zai ɗauko sifana, wai bari ya ƙara ɗauri kaɗan. Kada ki yi musu. Ki miƙa masa yarinya kawai, hannunsa biyu ne. Nawa ya karɓe ta, ya manta da sifana, ya sauke ta ƙasa. Ta rarrafa daga ƙofar ɗaki har bakin famfo, gwiwoyinta fes.

Sanarwa

Ni tsakar gida mai tsabta kawai na yi wa alkawari. Idan maigida ya ba abokansa labari, kika wayi gari da motoci uku a ƙofar gida suna jiran Injiniya, babu ruwana. Haka ma idan ya leƙo kicin yana sosa ƙeya, idonsa na kallon rufi, ya ce, "Gimbiya, gobe zan fita da wuri. Jar motar ce ta fi yoyo. Sifana na kan teburi."