Ta'aziyya a Ranar Suna

A da, in za a koya wa ma'aikata aiki, tabarma ake shimfiɗawa a inuwa, in tsaya in yi bayani, kowa ya kama gabansa, maganar ta ƙare a nan. Yanzu magana a waya take kwana tana jiran mai saurare, kuma ita ta ja mini kunyar da ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Bayan na ajiye aikin malamin gona, wata ƙungiya a nan Diffa ta ɗauke ni in shirya wa sababbin ma'aikatanta darussan bidiyo ta intanet: rabon ruwa a fadama, kula da injin ban ruwa a bakin kogin Komadugu, shanyar tattasai. Mai haɗa darussan wata ƴar Yamai ce, Madam Hadiza, kuma tsarinta ya ba ni sha'awa ƙwarai. Babu dogon jawabi. Ana yanka ilimi gunduwa-gunduwa, kowane yanki da abu ɗaya tak da yake koyarwa. Yankin wanke matatar inji, a sa shi a darasin ƴan Maine-Soroa, a sake ɗauko shi a sa wa na Sayam. Na ga koyarwa a Kano, na gani a Njamena da Khartum, ban taɓa ganin an jera ilimi kamar tubali ba. Na dame ta da tambaya har in ta ji takuna sai ta kama waya.

Sharaɗinta ɗaya ne: "Baba, kar ka ce jiya, kar ka ce bana, kar ka ambaci sunan kowa. Mai kallo baɗi ma ya ji kamar da shi kake."

Na ce, "Ƴata, ko gaisuwa babu? In faɗo wa mutane haka kamar ɓarawo?"

Da ƙyar ta yarda a ɗauki gaisuwa sau ɗaya, na'ura ta riƙa manna ta a goshin kowane darasi. Na sha babbar riga, na gaishe su da Hausa, da Faransanci, da Fulatanci, har da Larabci (ba wanda ya roƙe ni). Da na iso Kanuri, wanda Madam ba ta ji, sai na tuna da Malam Ari, mai kula da siton ƙungiyar, abokina tun muna samari, wanda gwaggonsa ta rasu a lokacin. Na ce, "Jiya an yi rasuwa a gidan Malam Ari. Duk wanda ya shigo gari ya je ya yi masa gaisuwa." Ni a ganina zumunci na yi.

Shekara ta zagayo, matar ɗan Malam Ari ta haihu. Ranar suna ina sahun gaba, goro cike da bakina, maroƙi yana ta kwarara kirari. Sai ga motar ƙungiya ta sauke sababbin ma'aikata daga Maine. Suka tuɓe takalma, fuska a murtuke, suka durƙusa gaban mai gida.

"Malam, ya haƙuri? Allah ya jiƙan rai."

Suka ɗaga hannu za a yi fatiha. Maroƙi ya haɗiye muryarsa. Uwar mai jego, wadda saukarta ke nan daga ƙauye ba ta kai ga ganin ƴarta ba, tana bakin zaure ta ji. Ta yar da ƙullin kayanta ta kurma ihu, guɗar cikin gida ta koma kururuwa.

Malam Ari ya miƙe. "Wa ya mutu?"

Babbansu ya nuna ni. "Alhaji ne ya sanar, a darasinmu na jiya." Ya ciro waya ya kunna. Ga ni nan cikin babbar riga, har da murmushi.

Na yi ƙoƙarin magana, goro ya sarƙe ni.

Malam Ari ya dube ni. "Ashe kai ne! Shekara guda baƙi na zuwa mini gaisuwa ɗaya-ɗaya, ina cewa Allah sarki, gwaggo ta yi jama'a. Kai da ka iya harshe biyar, ba ka iya shiru a ko ɗaya ba?"

Sai da aka fito da mai jego da jaririnta tsakar gida kafin tsohuwar ta yarda ta tashi daga ƙasa. Abokina ya daina amsa sallamata. Bai sauko ba sai da na je har ƙauye, da furfurata, na durƙusa gaban tsohuwar na ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, amma in na ji labarin mutuwarta in bari wani ya sanar.

Madam Hadiza ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Baba, a wane harshe?" Muka sake ɗaukar gaisuwar.

Tun daga nan, darasina sallama ce sai aiki. Rasuwa da haihuwa kuwa da ƙafata nake kai labarinsu, ga wanda ya shafa, a ranar da suka faru.