Yadda Za Ka Busar da Wandon Ɗan Lakwal Ba Tare da Ka Tambaye Shi Komai Ba

Kai uban da ɗanka ke dawowa daga lakwal, wato makarantar boko, da jiƙaƙƙen wando, ya saƙalo jaka ta gaba don rufin asiri, kwantar da hankalinka. Ga matakai bakwai tabbatattu. An gwada su a kan Idirisu, mai shekara takwas, ɗan Muntari tela na unguwar Birni. Wanda ya bi su daki-daki, in wando bai bushe ba, maƙogwaronsa zai bushe.

1. Ka musanta.
Da maƙwabci ya ƙura ido, ka riga shi: "Ledar ruwa ce ta fashe masa." Muntari ya fasa leda goma sha ɗaya a wata guda, har mai shagon bakin layi ya zo ba da haƙuri.

2. Ka nemo mai laifi a dangin uwa.
"Mu dai a gidanmu ba a yi," in ji Muntari. Zuliha matarsa tana wanki, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Malam, Gwaggo Hasana ta ba ni labarin tabarmarka." Masu hikima sun ce kada ka ja da macen da ke shiri da gwaggonka.

3. Ka hana shi ruwa.
Nan Damagaram ce, famfo kan yi kwana huɗu ko tari bai yi ba, to shi ina yake samo nasa? Ka hana koko, ka hana shayi, ka sa ido a kan randa. Leɓe zai tsage. Wando kuwa yana nan yadda ka san shi.

4. Ka karɓo rubutu.
Kwano cike, a shanye da safe kafin a tafi aji. Kada ka tambayi ta inda ruwan zai fita, wannan rashin tawakkali ne.

5. Ka kira gwaggo.
Gwaggo Hasana ta sauko daga motar Mirriya da kwaɗo a gwangwanin tumatir, ta rantse ɗan tabkin Gidimuni ne. A ɗaura wa yaro a ƙugu, in ji ta, ƴan unguwa su bi shi da waƙa. Idirisu na ganin kwaɗo ya saki abin nan take a tsakar gida. Kwaɗo ya yi tsalle ya shige magudana. Washegari yaro ya shige ƙarƙashin keken ɗinkin ubansa, ya ce shi da lakwal har abada.

6. Kada ka kuskura ka tambayi yaron.
Wannan shi ne ginshiƙi. Kada ma ka lura cewa Asabar da Lahadi wando ƙalau yake. A nan Muntari ya ɓata tsari. Ya tsuguna zai jawo shi, gwiwa ta riƙe, ya zube ƙasa. Da ya ga tashi ba yanzu ba, sai bakinsa ya kuɓuce.

"Idi, wai mene ne?"

"Baba, sambol ne."

Sambol ƙashin jaki ne da igiya, wanda ake rataya wa duk yaron da ya yi Hausa a aji.

"Malaminmu Mushe Gana ya ce mai son fita ya roƙa da Faransanci, jimla cikakkiya. Na iya ta a gida. In na miƙe sai ta gudu. In na faɗa da Hausa a rataya mini ƙashi, a yi ta kukan jaki."

"Shi ne kake riƙewa?"

"Ina riƙewa, Baba. Shi ne ba ya riƙuwa."

7. In za ka lakwal, ka tafi da Faransancinka.
Muntari, wanda aji huɗu ya sallama, ya haddace jawabi tun daga ƙofar gida. Ya shiga aji riƙe da hannun ɗansa, yara saba'in suka miƙe. Jawabi ya gudu. Har shi ma ya ji fitsari ya matse shi.

"Mushe," ya ce, "don Allah fitsari Faransanci yake ji?"

Wata yarinya ta ɗaga hannu. "Mushe, ya yi Hausa!"

"Na yi, ƴata." Ya cire ƙashin daga wuyan yaron da ke ɗauke da shi, ya rataya a nasa. "Kuma da shi zan tafi. Mai son kayansa ya same ni a shago ya roƙa. Jimla cikakkiya."

Mushe Gana ya juya ga allo, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya juyo ya ce daga yau wanda ya matsu ya ɗaga yatsa biyu ya fita. Kafin ya rufe baki, yatsu sun tashi a benci tara.

Idirisu ya koma aji. Sau biyu abin ya sake kufce masa a watan, amma ubansa ya ɗinka masa wando na biyu, sak na farko, yana naɗe a ƙasan jaka.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba likita ba ne, in abin ya daɗe ka nufi asibiti. Ba ruwansa da tsagaggen leɓe, ko fushin gwaggo, ko kwaɗon da ya ɓata. In kuma ka leƙa wani shagon ɗinki a Birni ka ga ƙashin jaki rataye kusa da almakashi, ka ba da awonka ka wuce. Har yau mai shi bai zo roƙo ba.