Ranar da Na Kira Matattu Karɓar Gero

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na gane cewa tarihin ɗan Adam, tun daga ginin ganuwar Damagaram har zuwa yau, gardama ce tsakanin mutum biyu kacal: mai cewa "abin nan ya lalace", da mai amsa masa da "ni dai a wurina lafiya lau yake aiki". Sarauta ta kife a kan wannan gardama, aure ya mutu a kanta. Ni kuwa shekara uku na yi ina zaman mutum na biyu, da jan alƙalami a aljihun riga.

A lokacin ina koyar da Faransanci a wata lakwal a cikin birni, inda kowa ke ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan. In an tashi sai in wuce wani ɗan biro, ƙaramin ofis, inda mu biyar ƴan sa-kai muke kula da wani tsarin ordinater, wato kwamfuta, irin wanda ba a saye, ba a sayarwa, kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara ya ba wani. Mukan karɓi tsofaffin injunan da ma'aikatu suka yar, mu zuba musu shi, mu kai ƙauyuka. Aikina shi ne karɓar rahoton matsala. In karanta, in gwada a injina, in ta bayyana in gyara ko in tura wa masu tsarin can ƙetare, in ba ta bayyana ba in rufe rahoton. (Na fi gwanancewa a rufewa. Wanda ya shekara goma yana ba yara sifiri ba ya buƙatar horo a nan.)

Shekarar fari ce. Ruwa ya ɗauke gero na shirin fid da kai, kafin bazara rumbuna sun zama ɗakin kwanan kaji. Kowa a gajiye yake, har gaisuwa ta gajarce. Aka fara kai geron taimako ƙauyuka, kuma ɗaya daga cikin injunanmu yana magazar ajiyar gero ta wani gari a yankin Guna, a hannun Madam Hadiza, tsohuwar malamar yaƙi da jahilci da aka ba riƙon sunayen gidaje. Dokar masu geron ɗaya ce: wanda sunansa ya fito a takardar da inji ya buga, shi ake auna wa. Rubutun hannu ba ya aiki.

A cikin tsarin akwai wani ɗan ƙari da ni na rubuta, nake ji da shi kamar ɗan fari. Da an cusa kile, ɗan abin nan mai kamar yatsa da ake ɗaukar takardu a ciki, sai injin ya gwada takardunsa da na cikin kilen, ya riƙe wadda ta fi sabunta, ya shafe tsohuwar. Da farko yakan tsaya ya tambayi mutum ko ya yarda. Na cire tambayar, don na yanke hukuncin cewa mutanen karkara tambaya na rikita su. Duk ranar rabo kilen nan ke tafiya daga biro a aljihun Sale, direban motar gero, ɗauke da takardar izini da za a buga a can.

Sale ne ya kawo mini rahoton Madam Hadiza na farko, falle ɗaya da aka yago daga littafin yara. Layin farko ya ce: "Mushe, injin yana dawo da matattu." Na yi dariya har na share hawaye. Na karanta wa abokan aiki da murya irin ta wasan kwaikwayo. Sannan na gwada a injina: na goge suna, na cusa kile, suna bai dawo ba. Na rubuta mata, "Madam, an gwada, ba a ga komai ba. A riƙa adana aiki kafin a kashe inji." Na rufe.

Bayan sati biyu ga na biyu. Ta ce ta kwana uku tana gyara sunaye, ta fitar da waɗanda suka rasu da waɗanda suka tafi cirani Kano, ta shigar da gidajen da aka tsallake bara, amma ranar rabo takardar bara ce ta fito. Na sake gwadawa. Lafiya lau. Wannan karon na yi mata darasi mai sakin layi uku a kan yadda ake rubuta rahoto: me kika yi, me kika zata zai faru, me ya faru. Har na ja layi ƙarƙashin wata kalma da ta rubuta ba daidai ba. (Allah ya sani, na ɗauka alheri nake yi.)

Da Sale ya miƙo na uku bai tafi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Mushe, matar nan fa ta daina zuwa rijiya da safe. Sai rana ta take, in babu kowa."

"Saboda me?"

"Cewa ake ita ke cire sunan masu rai, ta bar na matattu, ta kwashe rabonsu. Jiya wata ta tofa yawu a ƙofar gidanta."

Na ce abin ba daɗi, amma ni inji nake gyarawa, ba halin mutane ba. Na ji daɗin jimlar sosai.

Sai mai gari ya aiko cewa ko a zo a duba, ko su sauke Madam Hadiza ranar rabo mai zuwa a gaban jama'a. Abokaina suka ce ni na rufe rahotannin, ni zan tafi. Na sa farar rigata ta ranar jarrabawa, na zuba takardunta uku a jaka a matsayin shaida, na hau gaban motar Sale. Niyyata mai kyau ce, ko haka na gaya wa kaina: zan nuna wa mutane cewa ba ɓarauniya ba ce, rashin iyawa ne kawai. A hanya babu abin gani sai karan bara da jakuna masu ƙirgen haƙarƙari, ni kuwa ina ta tsara jawabi.

Mun tarar da gari duka a ƙofar magaza, mata da ƙorai a gefe guda, maza a ƙarƙashin wani gawo, mai gari a kan tabarma. An fito da injin an ɗora bisa tebur a inuwa, an jawo masa waya daga batirin rana. Madam Hadiza doguwa ce, ramammiya, idanunta sun faɗa. Ta gaishe ni a taƙaice.

Na duba sunayen da ke cikin injin. Tsaf suke, ta gyara komai. Na kira mai gari ya sa a karanta masa goma, ya ce haka ne. Sai na juya ga jama'a.

"Kun gani? Inji ba ya ƙarya, kuma ba ya mantuwa. Abin da aka ba shi, shi yake mayarwa. Yau da hannuna zan yi, kowa ya zuba ido."

Na karɓi kile daga Sale, na ɗaga shi sama yadda limami ke nuna wa mutane wuƙar layya, na cusa, na buga izini, na buga sunaye. Madam Hadiza ta ce a hankali, "Mushe, ka duba kafin ka karanta." Na yi mata murmushin da nake yi wa ɗalibin da ya tsoma baki. Na gyara murya.

"Malam Isufu Mai Tukurwa!"

Shiru. Na ɗauka kunya ce irin ta dattawa, na ƙara murya.

"Malam Isufu Mai Tukurwa! A matso mana, rana na yi!"

Wata tsohuwa ta ajiye ƙwaryarta, ta dube ni daga hula har takalmi.

"Ɗan nan, ni ce matarsa. Wata tara ke nan da muka kai shi makwanci. In ya amsa maka, ka gaya masa akuyar da ya bari ta bi shi."

Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi. Mutane ba su da ƙarfin. Wani irin sauti ne ya bi layin matan, kamar an taka busasshen ganye. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ce kuskure ɗaya ne, na kira na gaba. Wani ya amsa daga ƙarƙashin gawo, "Yana Kano yana tura baro, Mushe, ko za ka aika masa?" Na uku ma ya rasu, kuma ɗansa na zaune a gabana, wanda na ga sunansa a injin da idona ɗazun nan, yanzu babu shi a takarda.

Mai gari ya tattara babbar rigarsa a kan gwiwa.

"To, Mushe. Ita mun ce ci take yi. Kai kuma fa? Tare kuke, ko kowa da nasa matattun?"

Gumi ya bi bayana har ya jiƙa farar rigar. Na koma ga injin ina danne-danne irin na wanda ke son a ga yana aiki. Sunayen bara ne a ciki. Aikinta na kwana uku ya tafi, kuma yatsana ne ya tura shi. Na buɗe jaka don neman ban san me ba, takardunta suka zubo.

Madam Hadiza ta tsugunna ta tsince su, ta miƙo mini ɗaya.

"Ka juya bayanta."

Na juya. Rubutu ne cike, ƙanana, a jere da lamba. Na ɗaya: duk safiya in an kunna injin, agogonsa na komawa shekaru da yawa baya. Na biyu: ta yi ƙoƙarin gyara agogon, yana neman kalmar sirri, ita kuwa ba a ba ta ba. Na uku: sunayen ba sa canzawa sai bayan an cusa kilen Sale. Na huɗu: ko Mushe zai taimaka ya aiko da kalmar? Na juya ta biyu, haka. Ta uku ma haka, sai dai ta ƙara "don Allah".

Ta ce, "Takarda ta yi wuya a nan, Mushe. Ba ma barin baya fari."

A tsaye na fahimci komai. Ɗan pil, ƙaramin batirin da ke riƙe wa injin lokaci, ya mutu. Duk abin da ta rubuta sai ya ɗauki kwanan watan zamanin da, don haka ɗan ƙarin nawa yake ganin takardar bara da ke cikin kile ita ce sabuwa, ya shafe tata ba tambaya. Injina na biro agogonsa daidai yake, shi ya sa ban taɓa gani ba. Kalmar sirrin kuwa ni na kulle agogon da ita, kada ƴan ƙauye su yi wasa da shi.

Mai gari ya ce in yi bayani da Hausar da kowa zai ji. Na fara da "a haƙiƙanin gaskiya, tsarin", ya ɗaga hannu.

"Laifin wa?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Ƙara murya. Ɗazu har bayan gari ake jin ka."

Na ƙara. Na ce matar nan ba ta taɓa ƙwayar geron kowa ba, sau uku ta rubuto, sau uku na karanta rabi. Tsohuwar nan ta tashi ta je ta zauna kusa da Madam Hadiza, ta gyara mata bakin mayafi. Madam Hadiza ta shiga magaza ta fito da wani littafi mai baƙin bango inda ta kwafe sunayen duka da hannu. Mai gari ya ce da shi za a auna, in masu gero na da magana su zo su same shi. Ita ta kira sunayen. Ni aka ba riƙon bakin buhu, kuma ko shi sai da Sale ya nuna mini yadda ake yi.

Da za mu tafi na nemi gafararta da kalmomi masu kyau. Ta saurara har na gama, sannan ta ce gidajen da aka tsallake a rabo biyun da suka wuce fa, za a mayar musu? Na ce zan rubuta wa masu gero. Na rubuta. Aka amsa mini cewa an duba, ba a ga matsala ba.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, ɗan aji ɗaya ma ya san shi: in an miƙo maka takarda, ka juya ta. In mutum ya ce abu na cizonsa, ka je inda yake zaune kafin ka ce masa ba cizo ba ne. Na mayar da tambayar da na cire, na sa injin ya riƙa kuka in agogonsa ya ɓace, na aika da sabon pil da kalmar sirri a cikin ambulan, masu tsarin can ƙetare har suka yaba da tsabtar gyaran.

Har aka gama rabon shekarar, da littafinta aka yi aiki. Injin yana kusurwar magaza, lafiya lau, ta lulluɓe shi da buhu tana ɗora buta a kai.