Ranar da Gebhard Ya Sauko da Shanun Planken

"Ni fa ƙasar nan ko an ɗaure mini ido zan zagaye ta in dawo kafin shayina ya huce!" in ji Gebhard, yana buga tebur a ɗakin taron ƙauyen Planken. "Babu dutsen da bai san takalmina ba."

To, abokina, ka san ƙasarmu Liechtenstein. Ba mu da soja, ba mu da filin jirgin sama, idan ka yi atishawa mai ƙarfi mutanen Suwizalan ne za su ce maka sannu. Sanin ƙasa irin wannan ba abin tunƙaho ba ne, amma Gebhard ya mai da shi sana'a. Shekara talatin ya yi a masana'antar haƙoran roba, bai taɓa tatsar ko akuya ba, sai da ya yi ritaya ya gano ashe shi sarkin dawa ne. A bayan idonsa muna kiransa Taswira Mai Ƙafa.

Abin da ya tara mutane ranar shi ne kujerar shugaban makiyaya. Baba Meinrad, wanda ya riƙe ta shekara ashirin, gwiwa ta ci amanarsa. Mutum biyu ke nema: Ottilia mai yin cuku, wadda ba ta magana sai da dalili, da kuma gogan naku. Gebhard yana son kujerar nan kamar ransa, har ya riga ya sa an ɗinka masa sabuwar rigar shugabanci.

"Ku ba ni saukar da shanu ranar Asabar," ya ce. "Ku gani da idonku, sannan ku zaɓa."

Baba Meinrad ya shafa gwiwa. "An ba ka. Amma ka ji, ɗana, aikin ba wuya. Ka bar tsohuwar saniyarmu Resi ta shige gaba, kai ka bi baya. Shekara goma sha ɗaya tana saukowa."

"Saniya ce za ta nuna mini hanya? Ni? Haba Baba, ka rage raini!"

Matarsa Irmgard ta ja masa hannun riga. "Baban Luzia, zauna don Allah. Kai da ka ɓata a wurin ajiye motoci na babban birninmu Vaduz."

"Motar ce ta ɓata, ba ni ba!"

Ranar Asabar da sassafe ya hau dutse inda shanu suka yi kiwon bazara. An wanke su, an rataya musu ƙararrawa a wuya, an yi musu ado da furanni yadda aka saba duk Satumba, an ɗora wa Resi kambi mafi girma. Gebhard ya dube ta, ya dubi hularsa da ba ko gashin tsuntsu, kishi ya kama shi. Ya cire rabin furannin ya soke a hularsa. Da ya sunkuya ɗaure takalmi, Resi ta miƙo wuya ta cinye kayanta, har da gefen hular.

"Ɓarauniya! Za ki gane kurenki."

Ottilia da sauran makiyaya suka ce su raka shi. Ya ɗaga hannu. "Ku sauka a mota ku shirya tafi. Janar ba ya son cunkoso."

Suna tafiya hazo mai sanyi ya rufe dutsen, ko tafin hannunka ba ka gani sosai. Resi ta juya hagu, ta nufi gangare. Gebhard ya tare ta. Wai shi ya san wata gajeriyar hanya ta dama wadda za ta kai su ƙauye kafin 'yan badujala su gama goge kakakinsu. Hanyar sama take hawa, amma wannan bai dame shi ba. Ya ɗauko bokitin gishiri yana kaɗawa, shanu kuwa da gishiri ka san zancen, suka biyo shi suna lasa.

"Kun gani? Ilimi ke nan!" ya faɗa wa hazo.

Bokitin dai ƙarami ne, shanu arba'in. Gishiri na ƙarewa Resi ta tsaya, ta yi wani dogon numfashi irin na tsohuwar da ta gaji da shirmen jikoki, ta juya abinta. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Gebhard bai waiwaya ba, don a ganinsa shugaba ba ya waiwaye. Yana gaba yana maimaita jawabin karɓar kujera, har da inda zai ɗan yi shiru a tafa masa.

Can ya ji ƙarar ƙararrawar shanu ta ragu, gabansa ya ɗan faɗi. Sai ya ji "ƙilin, ƙilin" daf da bayansa, har ana ɗan jan rigarsa. Hankalinsa ya kwanta. "Yawwa Resi, kin dawo hanya. Na yafe miki."

Ya wuce wani dutse mai rubutu, ya ce ai tsohon kabari ne, har ya cire guntuwar hularsa ya gaisar. Daga nan hanya ta gangara. Hazo ya yaye, ga gidaje, ga wata mata tana shanya a tsakar gida. Gebhard ya gyara riga, ya buɗe murya.

"Jama'ar Planken! Ga dukiyarku na kawo muku, ko kofato ɗaya bai..."

"Bawan Allah, lafiya?" in ji matar.

"Ina 'yan badujala? Ina Baba Meinrad? Kuma wa ya canza wa cocinmu fenti?"

"Wane Planken? Nan Ostiriya ce."

"Ƙarya ne! Sai dai in kun matso da iyaka ba ku faɗa mana ba."

Matar ta nuna masa tuta ja da fari a kan wani gida, sannan ta leƙa bayansa ta dafe ƙirji. "Kai! Me kake yi da akuyata? Tun safe nake nemanta!"

Gebhard ya waiwaya a karon farko. Babu saniya ko ɗaya. Akuya ce guda, mai gemu, tana tauna abin da ya saura na bayan sabuwar rigarsa, iska tana shiga har kafaɗa. Wallahi a nan na ji tausayinsa, amma kaɗan.

"Ai... rako ta na yi," ya ce. "Haƙƙin maƙwabtaka."

Direban motar madara ne ya taimaka ya ɗauko shi, ya zauna tsakanin garewani yana rufe baya da bokiti. Sai la'asar ya iso Planken. Shanu kuwa tun sha biyun rana suka shigo a jere, Resi a gaba tana taku ɗai-ɗai, badujala na tashi, mata na share hawaye. An cinye taliyar cuku har an kankare tukunya. An kuma yi zaɓe, Ottilia ta samu kowace ƙuri'a.

"Kowace?" Gebhard ya dubi matarsa.

"To ya zan yi, Baban Luzia? Ba ka ƙasar."

"Ku saurara! Shanun nan ni na turo su gaba, dabara ce! Na je duba tsaron iyaka ne!"

Dariya ta ɓarke har wani tsoho ya ƙware. Gebhard ya ga kujera ta tafi, ya sassauta murya. "To Baba, ko mataimaki? Ko mataimakin mataimaki? Kada rigar nan ta tashi a banza."

"Rabinta ai ya riga ya tashi," in ji Ottilia.

Baba Meinrad ya miƙe da ƙyar, ya ɗingisa zuwa bangon ɗakin taro, ya ciro wata ƙatuwar ƙararrawa ta bijimi, ya rataya masa a wuya da girmamawa.

"Mun ba ka muƙami, ɗana. Baɗi ma za ka hau dutse."

Fuskar Gebhard ta washe. "In jagoranci garke?"

"A'a. Ka dai riƙa kaɗa wannan da ƙarfi, don Resi ta san inda za ta je ta ɗauko ka."