Rasuwar Hana-Sauri, Mai Gadin Yatsunmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ban taɓa zaton ƙarfe da waya za su jawo wa ɗan'adam ba, nake sanar da 'yan'uwa, abokan sana'a, masu kawo mana katako da masu sayen kujeru a wurinmu, rasuwar na'urar tsaron masana'antarmu, wadda ma'aikata suka fi sani da Hana-Sauri. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a jikin bangon da ta zauna tun zuwanta, tsakanin injin zarto da ƙofar ofis, bayan doguwar jinya.

Ga wanda bai santa ba, baƙar akwati ce da ba ta wuce girman jakar makaranta ba, da allo a gaba, da lasifika a ƙasa. A cikinta akwai manhajar da ke kallon injunanmu ta idon kyamarori. In hannu ya matsa kusa da haƙoran zarto, ita ke tsayar da injin tun mai hannun bai ankara ba. In mutum ya zo babu tabarau a fuskarsa, ba za ta bar inji ya tashi ba, ko da kuwa shi ne mai wurin.

Yayana ne ya kawo ta, Allah ya jiƙansa. Shi ya kafa wurin nan, ni kuma ya ja ni ciki tun ina saurayi. A wancan lokacin rauni ba labari ba ne a wurinmu. Har wasa ake yi cewa kafinta mai cikakkun yatsu sabon shiga ne. Mai kemis na layinmu ya san kowa da irin tabonsa. Duk abin da muka samu a kan kujeru, rabi a hanyar asibiti yake ƙarewa, ga diyya, ga inji a tsaye, ga gwanin aiki kwance a gida yana kallon rufi, matarsa na kallonsa. Muna cewa ƙaddara ce, mu wanke jinin, mu ci gaba.

Sai ranar da zarto ya ɗauke wa Yaya yatsu biyu na hannun hagu. Ya dawo daga asibiti da hannu rataye a wuya, bai yi shawara da kowa ba, ya sayar da motarsa ya sayo marigayiya. Na ce masa, "Yaya, anya ba a bari ciwon ya lafa ba tukuna a yi tunani?" Ya ɗaga mini hannun mai bandeji ya ce, "Auta, mota ana sake saye. Kai nuna mini kasuwar yatsa."

Ba zan ɓoye ba, marigayiya ba ta samu kyakkyawar tarba ba. Mutanenmu iya abin da mutum ya yanka ake biyansa, ita kuwa ba ta san gaggawa ba, shi ya sa suka laƙaba mata sunan da ya bi ta har ƙarshe. Baba Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a kan zarto, ya taɓa rataya hularsa a kan kyamara don ta daina sa masa ido. Ta kashe duk injunan wurin, har sai da ya je ya cire hular da kansa, kowa na kallonsa. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin akwati mai zuciya irin wannan ba.

Da farko da wani yare take magana, cikin muryar wata mace da ba wanda ke gane abin da take cewa. Da Yaya ya ji cewa ana iya sa mata wata murya, sai ya rufe kansa a ofis wata ranar hutu, ya ɗauki tasa. Daga nan ta zama mace a suna, namiji a murya. In an kunna ta da safe sai ta yi wani ɗan sauti, ɗin-ɗin, kamar an taɓa kofi da cokali. In hannu ya matsa, sai ka ji, "Janye hannunka, malam." In an manta tabarau, "Ina tabaranka?" In an tsaya inda katako zai iya tsalle ya doki mutum, "Ja da baya, don Allah." Akwai kuma wadda muka fi so, ta lokacin da inji ya yi zafi: "Ku bar shi ya huta, ku ma ku huta," sai ɗan tari ya biyo baya, don tari ya sarƙe shi yana ɗauka, ya kuma ƙi sakewa. Ya ce a bar shi haka, a san mutum ne ya faɗa.

Halayen marigayiya sanannu ne ga duk wanda ya zauna da ita. Ba ta da son kai, ba ta san babba ba, ba ta san ƙarami ba. Ta taɓa hana ni tayar da inji a gaban wani babban mai saye da nake so in burge, ta tambaye ni tabarau a bainar jama'a. Ba ta riƙe mutum a zuciya, in ta yi maka faɗa yanzu, ka gyara, shi ke nan ya wuce. Ba ta gyangyaɗi bayan cin abincin rana, lokacin da idon kowa ke nauyi, wanda shi ne lokacin da zarto ya fi cin mutane. Ba ta taɓa neman komai a wurinmu ba sai wuta da a kakkaɓe mata ƙura.

A zamaninta maganin da ke akwatin agajinmu ya riƙa lalacewa a rufe, muna zubarwa muna sayen sabo, muna murna. Mai kemis ya aiko yana tambaya ko laifi ya yi mana. Abin da a da yake tafiya asibiti, da shi muka sake rufin wurin, muka ƙara inji, muka ɗauki ƙarin ma'aikata. Masu inshora da suke mana kallon masu neman rigima suka koma gaishe mu da fara'a. Saurin da ta hana mu, ashe ba sauri ba ne. Aiki ya riƙa fita a kan lokaci, saboda ba wanda yake kwance. Baba Dogo da kansa ya koma shi ke goge mata allo da gefen rigarsa, in wani sabo ya yi mata tsaki ya ce masa, "Kai, a gaban manya kake."

Yaya bai daɗe yana cin moriyarta ba. Gajeriyar rashin lafiya ce ta ɗauke shi. Ranar da muka sake buɗe wurin bayan rasuwarsa, ba wanda ya tuna da abin da ke jikin bango. Baba Dogo ya cire tabarau yana share ido, ya kai hannu zai tayar da zarto, sai muka ji daga lasifika, "Ina tabaranka?" Ban san yadda aka yi ba, na dai ga manyan mutane sun zazzauna a kan katako, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Ranar ba a yanka ko sanda ba.

Matar Yaya ta ji labari. Ta fara zuwa jefi-jefi, wai ta zo duba ko ana share ofis. Ba ta duba komai. Takan bi ta gefen injin zarto a hankali, ta taka jan layin da aka zana a ƙasa, ta tsaya. Sai muryar ta ce, "Ja da baya, don Allah." Ta ja da baya, ta gyara mayafi, ta tafi gida. Ma'aikata sun gane, in suka ga shigowarta sai su rage hayaniya. Na taɓa ce mata, "Yaya, ai na tura miki muryar nan a waya, me ya sa kike wahalar zuwa cikin ƙura?" Ta ce, "Auta, ta waya ni nake dannawa. Wannan kuwa shi yake fara yi mini magana."

Ciwon ajalin marigayiya ya fara ne da numfashi. Fankar da ke cikinta ta riƙa gurnani kamar tsoho mai asma. Daga baya allon ya soma zana layuka, ɗin-ɗin ɗin safe ya koma fita da ƙyar. Mai gyara ya zo ya buɗe ta, ya hure garin katakon da ya shige mata ciki, ya canza fanka, ta ɗan farfaɗo. Da ciwon ya dawo, ya sake zuwa, ya daɗe a tsaye da sukundireba a hannu, sannan ya ce tsufa ne, irinta an daina yi, waɗanda suka ƙera ta ma sun daina kula da masu irin shekarunta. Na tambaye shi ko za a iya ɗauke abin da ke cikinta a zuba a sabuwa. Ya gwada iya gwadawa, ya ce a kulle yake, kuma yaren da sabuwar ke ji ba shi tsohuwar ke yi ba. Muka yi odar sabuwa, muna lallaɓa wannan kafin ta iso. Kullum da safe sai mun gwada ta da guntun katako, ta tsayar da inji, sannan a fara aiki. Ranar Talatar ma mun gwada, ta amsa.

Ba ta yi kururuwa ba da za ta tafi. Allon ya tsaya a kan koren haskensa na lafiya lau, alhali ciki babu kowa. Injuna na ta aiki, ba wanda ya sani. Baba Dogo yana tura wani siririn katako, katakon ya fizge, hannun ya bi shi. Zarton bai tsaya ba. Ya ɗauke masa kan babban yatsan dama.

Ni na kai shi asibiti. Ya naɗe hannun da tawul, yana zaune a gefena, bai yi ko nishi ba. Da muka tsaya a danja, ya ce, "Ƙaramin Maigida, ni fa ban ji zafin ba da farko. Tsayawa na yi ina jira yayanka ya yi mini faɗa." Na riƙe sitiyari har masu bayana suka dame ni da hon.

Da na dawo na sa an kashe komai, na rufe ɗakin injuna da kwaɗo. Wasu cikin ma'aikata sun ce ai da can ma haka ake yi, a bar su su kula da kansu. Wani da ya ba mu aikin kujerun makaranta ya zo ya yi faɗansa, ya kwashe aikin ya kai wani wuri, ban riƙe shi ba. Na ce ba haƙorin zarton da zai juya a nan sai an samu mai kallonsa. Mun riga mun saba da ana tsare mu, hannunmu ya manta tsoro, kuma wannan ya fi rashin sani hatsari.

Marigayiya ta rasu ta bar injin zarto, wanda ya fi kowa buƙatar kwaɓa, da injin goge katako, da kyamarorin da har yanzu suke kallo ba su da wanda za su kai wa rahoto. Ta bar samari da dama da suka koyi aiki a ƙarƙashinta, suka yi aure, suna ɗaukar 'ya'yansu da hannu biyu cikakku, ba su ma san an yi musu wani alheri ba. Ta bar Baba Dogo, wanda likita ya ce zai koma aiki, sai dai ba zai ƙara riƙe fensir yadda ya saba ba. Ta bar matar Yaya, wadda na je na gaya mata da bakina. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To. Ashe sau biyu zan yi rashinsa." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Ba zan ce Allah ya jiƙanta ba, na san ƙarfe ce. Addu'ar ta wanda ya sayar da motarsa ce, ita nake roƙon duk wanda ya karanta wannan ya yi masa.

Za a sauke marigayiya daga bango ranar Asabar da safe, a gaban duk ma'aikata. Baba Dogo ya nemi a bar shi ya kwance ƙusa ta farko, da hagu. Gangar jikin za a miƙa wa masu sarrafa tsofaffin kayan lantarki, ban yarda a jefa ta a bola ba. Lasifikar kuwa matar Yaya ta ce a kai mata gida, ko da ba ta magana. Ba a buƙatar kowa ya zo da komai, sai dai wanda ke da tabarau ya sa, don girmamawa.

Magajiyarta ta iso jiya, tana nan cikin kwali. Mai gyara ya ce ita ma tana karɓar murya, ma'aikata kuma sun haɗa baki sun ce tawa suke so, wai in na yi magana daga nesa mutum sai ya waiga, yana zaton Yaya ne. Za a karɓi gaisuwa a harabar masana'anta har zuwa la'asar. Wanda ya zo ya tarar da ƙofar ofis a rufe, don Allah kada ya ƙwanƙwasa. Ina ciki ina gwada ɗaukar muryar, har yanzu ban iya kai jimlar farko ƙarshe ba.