Yadda Ɗan Kokowa Zai Ɓoye Cewa Ƙarfinsa Wake Ne

Kai ɗan kokowa, matso kusa. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci babu mai gane cewa garin ƙarfin da kake sha wake ne aka niƙa, aka tace, aka ɗura a gwangwani. Muttaƙa na Bazaga ya bi su, kuma har mataki na uku komai ya tafi daidai.

1. Ɓare takardar

An rubuta wake ɓaro-ɓaro da Faransanci a jikin gwangwanin. Duk wanda ya zauna lakwal, wato makarantar boko, zai tona ka. Kankare ta tun a tashar Konni.

2. Ba shi asali

Ka ce daga Turai aka aiko maka. Haka Muttaƙa ya yi, labari ya kai kunnen Ashiru na Illela, wanda ya kayar da shi bara, ya kayar da shi bara waccan. Ashiru ya tsorata har ya rame. Abin da ake nema ke nan, domin in aka yi kaye na uku, makaɗa sun gama kiran sunan Muttaƙa.

3. Sha a bainar jama'a

Dama da ruwa, ɗaure fuska, kurɓa. In ciki ya yi ƙugi, ka ce maganin ne ke neman wurin zama.

4. Nisanta shi da uwarka

Kash! Nan Muttaƙa ya yi sake. Ranar karawa aka sauki 'yan Illela a gidansu, baƙo kuwa sai an ciyar da shi. Uwarsa Inna Tsahara, wadda ta shekara arba'in tana sussukar wake, ta ga gwangwani bayan randa. Shinshinawa ɗaya ta yi. Ta kawo kuka da kanwa, ta jefa ɗanwake, ta aika zaure.

Ashiru ya share akushi biyu, ya tambayi wane gari ne wannan mai laushi haka.

"Na gwangwanin Muttaƙa na," in ji ta. "Wake na, ɗana. Ƙara."

Ya ƙara.

5. Iya faɗuwa

Da la'asar Ashiru ya shigo fili yana murmushi. Muttaƙa ya ga murmushin nan, ya gane asiri ya tonu. Makaɗi bai gama kirari ba aka ɗaga Muttaƙa sama. In kai ne, saki jiki, sauka ta kafaɗa.

Hattara: mai wannan rubutu bai taɓa shiga fili ba. Karaya, targaɗe ko kumburin ciki, duk naka ne. Mai ƙorafi ya je wurin Inna Tsahara, ta ce gwangwanin ma ba ta mayarwa, gishiri ta zuba a ciki.