Kujerun Ƙofar Kamfanin Kumfa

A wani gari da ake kira Dawo-Gobe, ba a auna girman kamfani da abin da yake sarrafawa. Da kujeru ake aunawa. Al'adar garin ita ce duk mai bin kamfani bashi sai ya kawo kujerarsa ya dasa a ƙofa, ya zauna jiran biya. In jama'a suka ga layi ya kai bakin titi sai su ce, ai da ba amintacce ba ne, da mutane masu yawa haka ba su ba shi rance ba.

Malam Jatau ya shekara talatin yana tuƙa motar kwasar shara, aka ba shi kuɗin sallama. Matarsa Lantana tuni ta yi wa kuɗin aiki, wato kwanon rufi, don damina ta matso, ɗakinsu kuwa in ana ruwa gara mutum ya fake a gindin bishiya. Amma Jatau ya ji ana cewa kuɗi na haihuwa, sai ya nufi Ofishin Kwantar da Hankali neman shawara.

"Ranka ya daɗe, wane kamfani zan zuba wa?" ya tambayi Sarkin Lamuni.

"Kamfanin Sabulun Kumfa. Kujera ɗari huɗu da sha biyu! Hannun jarinsa kuma ya faɗi warwas. Daga ƙasa ina za a je in ba sama ba?"

Jatau ya ji daɗi har cikin ransa, ya zuba rabi.

Lantana ba ta yi boko ba, saboda haka sai ta je ta duba da idonta. Ta dawo ta ce, "Malam, kaza na kwanci a cikin injinsu. Mai gadin ma da toka yake wanki."

"Ke Lantana, kin ƙirga kujerun?"

"Na ƙirga. Har da ta mai gadin."

Bayan wata guda kujeru suka kai ɗari shida. Majalisar Ɗaga Ƙafa ta zauna, ta naɗa wa mai kamfanin, Alhaji Barau, rawanin Garkuwan Masana'antu, ta kuma sa wa kowane gida harajin ceto kamfanin. Jatau ya biya da fara'a, ya zuba sauran rabin. Bai tsaya nan ba, ya ranto wajen mutum tara, har da mahauci da tela da surukinsa, don kada garaɓasa ta wuce shi.

Ranar da aka yi ruwan farko aka yi gwanjon kamfanin. Aka fara biya daga kujerar gaba, ta banki, kuɗi suka ƙare a ta bakwai. Jatau ya ɗaga takardarsa.

"Mu masu hannun jari fa?"

"Ai ku ne masu kamfanin," in ji magatakarda. "Mai gida yana bin kansa bashi ne?"

Alhaji Barau ya wuce a sabuwar mota yana ɗaga wa jama'a hannu. Jatau ya koma gida jiƙe sharkaf, kunya kamar ta kashe shi. Lantana ta miƙa masa roba ya tari ɗigon da ke sauka kan gado.

Da gari ya waye ya leƙo ƙofa, sai ga kujeru tara a jere, mahauci a gaba, suruki a baya. Can gefe kuma wani baƙo ne daga ƙauye rungume da jaka, yana ƙirga su da yatsa, fuskarsa cike da sha'awa.

"Tara, a gida guda! Malam, gonata na sayar jiya. Don Allah ko za ka sa ni a cikin harkar nan taka?"

Jatau ya buɗe baki zai faɗa masa gaskiya. Ya dubi jakar, ya ɗaga kai ya dubi hadari.

"Lantana," ya ce, "kawo wa baƙo ruwa."